Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin da ya ɗauki jinya cikin aikin mulki

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne yaƙi da mulki da littafin Infaƙul Maisuri. Kaɗan ne suke tuna cewa mutumin da ya gina birnin Sakkwato, ya riƙe daula mai faɗi har shekara 20, ya kuma zauna ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir da ciwon ƙoda da yadda ake shan filasko. Ya rayu a zamanin da mafi yawan manyan cututtuka ba su da makari, zamanin da iyakar abin da mai magani zai iya yi wa kuturu ko mai tarin fuka ko mai ciwon daji shi ne ya rage masa raɗaɗi, ya taimaka masa ya samu barci, ya tsare masa mutuncinsa har wa'adi ya cika.

Wannan ɓangare na rayuwarsa ya shafi Kano kai-tsaye. Shi ya tabbatar da sarakunan Kano biyu na farko bayan jihadi, kuma ta Kasuwar Kurmi ne wasu kayan magani na ƙasashen Larabawa suke shigowa ƙasar Hausa a zamaninsa. Ya kuma shafi duk wani gida a cikin ganuwa da aka taɓa sallamo masa majinyaci daga asibiti, aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 bayan Hijira, daidai da 1781 Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a Ɗegel ta ƙasar Gobir, a gidan da karatu shi ne sana'a. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa da yayansa Muhammadu Sa'adu, amma wanda ya fi daɗewa a hannunsa shi ne baffansa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya karantar da shi Larabci da nahawu da balaga da fiƙihu.

A tsarin karatun wancan zamani, ɗibbu wani reshe ne na ilimin malanta. Almajirin da ya yi nisa yakan karanta babin magani a manyan littattafan hadisi, daga nan ya wuce zuwa littattafan da ake kira Ɗibbun Nabawi, irin wanda Imam Suyuɗi na Masar ya tattara. Malam Abdullahi da kansa ya rubuta littafi mai suna Masalihul Insan, wanda ya haɗa abin da ke gyara addinin mutum da abin da ke gyara jikinsa. A irin wannan gida Bello ya koyi cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma duba marar lafiya haƙƙi ne da Musulmi ke bin ɗan'uwansa.

Shekarun yunwa da raunuka

Yana da kimanin shekara 23 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. Shekaru huɗu da suka biyo baya sun nuna masa wahalar jikin ɗan Adam fiye da abin da kowane littafi zai nuna masa. Bayan nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni, sai aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda aka rasa mutum wajen 2,000, daga cikinsu kimanin 200 mahaddata Alƙur'ani ne. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa. Tsakanin yaƙi da yaƙi kuma ga yunwa, ga zazzaɓi, ga mata da yara da tsofaffi ana ta ƙaura da su daga sansani zuwa sansani.

Raunin kibiya mai dafi da saran takobi da karaya ba su da magani a lokacin sai abin da wanzami da maɗori suka iya: a tsaga a fitar da kibiya, a yi lalas da ƙarfe mai zafi, a ɗaure karaya da karan dawa. Wanda rauninsa ya ruɓe, sai a zauna kusa da shi ana ba shi ruwa ana yi masa fifita. Bello yana cikin manyan kwamandoji har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya gana da shugabannin jama'ar gabas a Birnin Gada, inda aka tsayar da Malam Sulaimanu a matsayin shugaban jama'ar Kano. A 1809 ya fara gina Sakkwato, a 1812 kuma ya kammala Infaƙul Maisuri.

Jinyar Shehu

Shehu ya baro Sifawa ya tare a Sakkwato a 1815. Shekara ta gaba rashin lafiya ta kama shi, ya yi kimanin shekara guda yana jinya, ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1817 yana da shekara 62. A wannan lokaci Bello ne ke riƙe da gabashin daula, gidansa kuma ba shi da nisa da na mahaifinsa. Duk malaman da ke kewaye da Shehu, da duk kayan maganin da ayari zai iya kawowa daga Agadas ko Kano, ba su ɗaga ajali ba. Da aka yi wa Bello mubaya'a, ya hau mulki yana mutumin da ya ga mutuwar gaggawa a fagen fama, ya kuma ga mutuwar sannu a hankali a cikin gida.

Shekarun farko na mulkinsa sun tafi a kashe wutar tawaye, tun daga na Abdussalami har zuwa na Gobir da Zamfara da Kabi. A 1819 Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu, Bello ya naɗa Ibrahim Dabo, wanda daga baya ya auri Maryamu 'yar Shehu. Duk da wannan hidima alƙalaminsa bai huta ba. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan ginshiƙan mulki, ya lissafa masu sana'o'in da jama'a ba za su iya rayuwa ba sai da su, ya sa masu magani a jeri ɗaya da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, ya kuma ɗora wa sarki nauyin kula da su da rarraba su a garuruwa da ƙauyuka. A wurinsa, samar da mai magani a kusa da talaka yana cikin abin da za a tambayi shugaba.

Yadda ake rage raɗaɗi a ƙasar Hausa

Kafin a fahimci abin da Bello ya rubuta, ya kamata a san abin da ya tarar. A birni kamar Kano, aikin magani a rarrabe yake. Wanzamai, ƙarƙashin Sarkin Aska, su ke yin ƙaho da tsaga da sakiya da cire haƙori. Maɗora su ke gyara karaya da targaɗe. Ungozoma ke kula da mai naƙuda da mai jego. 'Yan magori da masu ganye su ke sayar da saiwa da sassaƙe, malamai ke yin rubutun sha da tofi, ga kuma bokaye da 'yan bori waɗanda malaman jihadi suka yi ta yaƙi da aƙidarsu.

Yawancin abin da waɗannan mutane ke bayarwa na kwantar da ciwo ne. Kanumfari a kan haƙorin da ke zogi, man kaɗanya ko man shanu da gashi a kan gaɓoɓin da sanyi ya kama, lalle a tafin ƙafa don sanyaya zafi, kwalli a ido, jar kanwa don ciwon ciki, hayaƙin ƙaron hano, zuma a kan gyambo. Akwai kuma zaƙami, wanda kowa ya san yana gusar da hankali, kaɗan ya sa maye da barci, in ya yi yawa ya haukata ko ya kashe. Fatake daga Tarabulus da Gadamas da Masar suna sauke habbatus sauda da lubban da kayan ƙamshi a Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Wanda cutarsa ta zama ta zama da shi, al'umma ta tanadar masa wuri da shugaba. Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen Ingila da ya shigo Kano a watan Janairun 1824, ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin 30,000 zuwa 40,000, ya kuma rubuta cewa makanta ta yi yawa, har akwai unguwa guda ta makafi a cikin ganuwa, mai tsafta da tsari, wadda sarki ke ba mazaunanta wani kaso, su kuma suna fita bara a kasuwa. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Kutare suna nan har yau. Ba a iya buɗe idon makaho ko mayar wa kuturu yatsunsa ba, amma an ba shi matsuguni da abinci da wanda zai kai kukansa fada.

Wannan Bature ya kuma ga yadda ake jinyar agana a Sakkwato: a shafe majinyaci da zuma, a kwantar da shi a kan yashi mai ɗumi, in ciwon ya tsananta a yi masa wanka da ruwan sanyi da sassafe a sake shafa zumar. Wannan ba ya kashe cutar, amma yana rage ƙaiƙayi da zafin ƙurajen. Yana garin ɗan Waziri Giɗaɗo, wanda uban ke ji da shi, ya rasu da wannan cuta. Gidan waziri da gidan talaka duk abin da suke da shi ke nan.

Littattafansa na ɗibbu

A cikin littattafai da wasiƙu fiye da 100 da ake jingina wa Bello, akwai kaso mai kyau a kan magani. Wasu na tattara abin da ya inganta daga Manzon Allah (SAW) ne a kan lafiya da cuta, kamar Ujalatur Rakib da Al-Mawaridun Nabawiyya. Wasu kuma kowane ya ɗauki cuta guda ya bi ta. Masugul Lujain da Aɗ-Ɗibbul Hayyin suna magana a kan ciwon ido. Al-Ƙaulul Mansur yana magana a kan basir. Akwai wasiƙa a kan cututtukan ƙoda, akwai kuma Al-Ƙaulus Sana a kan amfanin sanna, wato filasko, wajen sassauta ciki.

Wanda ya dubi wannan jeri zai lura cewa cututtukan da ya zaɓa irin waɗanda mutum ke ɗauke da su shekara da shekaru ne. Ba sa kashewa yau ko gobe, amma suna hana malami duba littafi, su hana mahayi zama a kan sirdi, su hana tsoho barci. A ƙasar da ƙurar hunturu da ƙuda da agana ke makantar da mutane, rubutu biyu a kan ido ba su yi yawa ba. Hanyar da ya bi ita ce ta malaman zamaninsa: ya kawo abin da hadisi ya faɗa, ya kawo abin da likitocin Musulunci na da suka faɗa, ya haɗa addu'a da abinci da ganye, ya taƙaita yadda almajiri zai iya kwafa ya tafi da shi garinsu.

Littafin filasko ya cancanci a tsaya a kansa. Ganye ne da ke fitowa a dajin Sahel ba tare da an shuka ba, kuma ya zo a hadisi a matsayin maganin sassauta ciki. Majinyacin da ya daɗe a kwance, wanda ba ya motsi kuma ba ya cin abinci sosai, taurin bayan gida na daga cikin abubuwan da suka fi azabtar da shi, mai basir kuwa abin ya ninka. A yau, a asibitocin da ke kula da masu ciwon ajali a duniya, idan likita ya rubuta wa majinyaci mofin yakan haɗa masa da ƙwayar sanna, domin mofin na ɗaure ciki. Ganyen da Sarkin Musulmi ya ware wa littafi guda yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Gadon Ibn Sina da hukuncin malaman Malikiyya

Ilimin da Bello ya ɗebo daga gare shi ya daɗe da sanin magunguna masu kashe zafi. Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan ta ƙasar Farisa a 1037, ya rarrabe zogi iri 15 a littafinsa Al-Ƙanun. Ya nuna cewa ana kwantar da ciwo ta kawar da sababinsa, ko ta kawo barci, ko ta dusashe jin gaɓar da ke ciwo, ya kuma sa afyun a gaban duk magungunan da ke dusashe ji, tare da gargaɗin cewa wuce ƙima a cikinsa halaka ne. Afyun ƙaro ne da ake tatsa daga ƙwanson wani fure da Larabawa ke kira khashkhash.

Malaman fiƙihu su ma ba su bar batun ba. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da mai gurɓata hankali ba tare da gusar da ji da gani ba, da mai kwantar da mutum gaba ɗaya har ya daina ji. A kan wannan rabe-rabe ne malaman mazhabar suka halatta a ba mutum abin da zai gusar masa da ji idan za a yanke masa gaɓa ko a yi masa wani aiki mai tsananin zafi. Wato tun ƙarnoni kafin zuwan asibitin Turawa, mazhabar da ake bi a Kano da Sakkwato ta bambanta mai shan abu don holewa da majinyacin da ake ba shi don larura.

Neman likita daga Ingila

Clapperton ya taso daga Borno tare da likita, Dokta Walter Oudney, wanda ciwon ƙirji ya riga ya cinye shi. A hanya har sai da ya sa wani wanzami ya yi masa ƙaho ko zai samu sauƙi, ya rasu ranar 12 ga Janairun 1824 a Murmur kusa da Katagum, kwana kaɗan kafin ayarin ya iso Kano. Clapperton ya isa Sakkwato a tsakiyar Maris, ya yi kusan mako bakwai yana ganawa da Bello. A cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya nema daga Sarki Joji na Huɗu akwai jakada da kuma likita wanda zai zauna a ƙasar. Mutumin da ya rubuta littattafai a kan magani ya san iyakar abin da ke hannunsa, bai kuma ga ƙasƙanci ba a neman ƙari daga wanda ba addininsu ɗaya ba.

Gwamnatin Ingila ta amsa. A tafiya ta biyu, a 1825, an haɗa Clapperton da likitoci biyu. Dokta Morison ya rasu a ƙasar Yarbawa a watan Disamba. Dokta Dickson, wanda aka tanada don ya zauna wurin Bello, ya rabu da ayarin ya bi ta Dahomi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Clapperton ya iso Kano a damunar 1826 babu likita ko ɗaya, ya tarar da Bello a watan Oktoba yana yaƙi da Gobirawa a Konya. A wannan fage ne ya ga wata tsohuwa Bazamfariya daga bayin Sarkin Musulmi, tana bisa doki da goruna cike da ruwa da tasar tagulla, tana zagayawa tana shayar da masu rauni. A cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da na lissafin Uƙlidis da na Ibn Sina.

Wannan karo zama bai yi daɗi ba. Sakkwato na yaƙi da Shehu Laminu na Borno, wanda rundunarsa ta doshi Kano a farkon 1827 kafin Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta. Bello ya hana Clapperton wucewa Kukawa, ya kuma karɓe wasiƙa da kayan da ya ɗauko domin Shehun Borno. A watan Maris atuni ya kama Baturen. Yaronsa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23, shi ya yi jinyarsa a ɗakin da zafi ya hana numfashi, yana yi masa fifita, yana ɗiga masa lodanam, wato afyun da aka narka a barasa. Wani bara Babarbare ya kawo sassaƙen kaɗanya da wani Balarabe ya ba da shawara a dafa a sha, bai yi amfani ba. Ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827. Bello ya ba da izinin a binne shi a wani ƙauye a wajen gari, ya aika da masu haƙa.

Wannan mutuwa ta nuna cewa a wancan lokaci tazarar da ke tsakanin maganin Turawa da na ƙasar Hausa ba ta kai yadda ake zato ba. Akwatin maganin Ingila bai warkar da atuni ba, abin da ya iya shi ne ya ba majinyaci ɗan barci. Amma canji ya riga ya faro. Wajen 1805 wani matashin mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ke kashe zafi a cikin afyun, a 1817 ya wallafa cikakken bayaninsa da sunan mofin, a 1827 kuma kamfanin Merck ya fara yin sa don sayarwa. Daga nan likita ya samu damar auna abin da yake bayarwa daidai, maimakon ya yi kirdado da ɗanyen ƙaro.

Rasuwarsa

Shekaru goma na ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina a gabas maso arewacin Sakkwato don tsare iyaka. Baffansa Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829. A 1836 ya jagoranci yaƙinsa babba na ƙarshe a Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Shekara ta gaba ciwo ya kwantar da shi, ya yi wata bakwai yana jinya. Wannan lokaci ya ishe shi ya shirya: ya ja kunnen 'ya'yansa kada su yi rigima a kan mulki, ya bar zaɓe a hannun masu zaɓe. Ya rasu ranar Alhamis, 25 ga Rajab 1253, a ƙarshen Oktoban 1837, aka binne shi a Wurno, inda ake ziyartar hubbarensa har yau. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta kasance abokiyar shawararsa, ta yi masa marsiyya. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1839, ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani da abin da ake karantawa ga mai ciwo da mai naƙuda da mai baƙin ciki. Jajis ɗinta, matan da ke kai karatu ƙauyuka, sun ɗauki duba marasa lafiya da wankan gawa cikin aikinsu.

Abin da ya biyo baya

Bayan Bello al'amura sun yi sauri a Turai da Amurka. An fara sa majinyaci barci kafin tiyata a 1846, an ƙirƙiro allurar da ke kai magani ƙarƙashin fata a 1853, asfirin ya shigo kasuwa a 1899. A 1842 wata bazawara a birnin Liyon na Faransa, Jeanne Garnier, ta kafa ƙungiyar mata masu ɗaukar waɗanda asibiti ya sallama don ba su da magani. A 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan, ta koyar da cewa a riƙa ba mai ciwon ajali mofin a kan lokaci tun kafin zogin ya dawo, kuma ciwonsa ya haɗa da na jiki da na zuciya da na iyali da na imani. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku na magance zogin ciwon daji. A Kano, bayan kimanin shekara 100 da roƙon da Bello ya yi na likita aka gina asibitin cikin birni kusa da Ƙofar Mata a farkon zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda yau ake kira Asibitin Murtala.

Da yawa daga cututtukan da suka gagari zamaninsa yanzu sun zo hannu. An shafe agana daga doron ƙasa a 1980, kuturta da tarin fuka suna warkewa da ƙwayoyi. Abin da bai zo hannu ba shi ne rabon maganin zogi. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rarrabawa. A nan gida kuma al'amarin ya zo a birkice: shaye-shayen kodin da tiramol ya yi wa matasa illa har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, alhali tsohuwar da sankarar mama ta ci ƙarfinta a wani lungu na Mandawari ko Yakasai tana kwana tana nishi a kan farasitamol. Tsoron abin da 'yan ƙwaya ke yi ya sa iyalai da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗari-ɗari da maganin da majinyaci ke da haƙƙi a kansa, duk da cewa malaman mazhaba sun daɗe da raba larura da holewa.

Muhammadu Bello bai warkar da mahaifinsa ba, bai warkar da baƙonsa ba, shi ma da nasa ya zo bai tashi ba. Abin da ya bari shi ne misalin shugaban da ya ɗauki zogin basir da ciwon ido a matsayin abin da ya isa sarki ya zauna ya yi nazari a kansa, ya umarci sarakunansa su kai mai magani kowane gari, ya kuma nemi ilimin da ba shi da shi daga inda yake. Masu riƙe da kasafin lafiya a yau, da attajiran da ke gina masallatai da makarantu, suna da mofin da allura da ma'aunin da shi bai samu ba, majinyatan kuwa suna nan kwance a soraye da ɗakunan cikin birni. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.